Duwatsun da Ke Nuna Kudu: Tarihin Binciken Juyewar Maganaɗisun Duniya

Duk inda aka ajiye kamfas a doron ƙasa a yau, allurarsa arewa take fuskanta, saboda duniya ita kanta tamkar ƙaton maganaɗisu ce. Sai dai ba haka lamarin ya kasance a kodayaushe ba. Da a ce akwai kamfas shekara 800,000 da suka shuɗe, da kan allurar da ke nuna arewa a yau kudu zai nuna. Wannan sauyi shi masana ilimin ƙasa ke kira juyewar maganaɗisun duniya. Ƙididdigarsu ta nuna ya auku aƙalla sau 183 cikin shekara miliyan 83 na baya-bayan nan, kuma na ƙarshe ya faru ne kimanin shekara 773,000 da suka wuce. Shaidar farko ta fito ne daga duwatsu masu aman wuta, amma an kwashe kusan shekara 60 tsakanin ranar da aka gan ta da ranar da aka gaskata ta.

Yadda dutse ke riƙe fuskar maganaɗisu

Narkakken dutsen da ke kwararowa daga bakin dutse mai aman wuta yana da zafin da ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin tamar ƙarfe, musamman wadda ake kira magnetayit. Muddin zafin ya wuce digiri 580, ƙwayoyin ba sa riƙe maganaɗisu. Da zarar dutsen ya huce ya sauko ƙasa da wannan iyaka, sai su ɗauki fuskar maganaɗisun duniya na wannan lokaci, su kuma daskare a kanta. Ana danganta wannan iyakar zafi da Pierre Curie, masanin Faransa da ya yi bayaninta a 1895. Haka abin yake ga yumɓu: tukunyar da maginiya ta gasa a Ushafa tana ɗauke da fuskar maganaɗisun ranar da aka gasa ta, illa dai an ɗauke ta daga wurin gashi, ba wanda zai iya cewa ga yadda take a ajiye lokacin da ta huce. Shi kuwa dutse yana nan inda ya daskare.

Ba kowane dutse ne ya dace da wannan aiki ba. Mazaunin Kado a Abuja da ke hangen tsaunin Katampe, ko matafiyin da ya wuce ta gindin Zuma, yana kallon duwatsu ne irin su giranit da danginsa, waɗanda akasarinsu sun samu ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. A can ƙarƙashin ƙasa suka huce a hankali cikin dogon zamani, ƙwayoyinsu manya ne, kuma zafi da matsi sun sha taɓa su daga baya. Abin da mai bincike ya fi so shi ne baƙin dutsen aman wuta, wanda ya malala a sarari ya huce cikin kwanaki ko 'yan shekaru, wani a kan wani kamar jerin tabarmi, na ƙasa ya girmi na sama. Irin wannan dutse a Najeriya sai an je tudun Biu a Jihar Borno, ko tudun Jos, ko yankin Longuda a Adamawa.

Daga Vesuvius zuwa Pontfarein

Tun a 1600 William Gilbert, likitan Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila, ya bayyana cewa duniya maganaɗisu ce. A tsakiyar ƙarni na 19 Achille Delesse a Faransa da Macedonio Melloni a Italiya suka lura cewa daskararren aman wuta yana da maganaɗisu na kansa. Melloni, wanda ya yi aiki a kan duwatsun Vesuvius, ya nuna cewa dutsen yana samun maganaɗisun ne yayin hucewa. A ƙarshen ƙarnin Giuseppe Folgheraiter ya gwada tsofaffin tukwane da tubala, ya tabbatar gasasshen yumɓu na iya riƙe fuskarsa shekaru dubbai.

A kan wannan harsashi Bernard Brunhes, shugaban tashar nazarin yanayi ta Puy de Dôme a tsakiyar Faransa, ya ɗora nasa aikin tare da mataimakinsa Pierre David. Dabararsu ita ce neman wuraren da narkakken dutse ya bi ta kan yumɓu ya gasa shi. A 1905, kusa da ƙauyen Pontfarein a yankin Cantal, Brunhes ya tarar da dutse da gasasshen yumɓun da ke ƙarƙashinsa duka suna nuna kishiyar fuskar yau. A 1906 ya wallafa cewa a zamanin da dutsen ya huce, maganaɗisun duniya a juye yake. Ya rasu a 1910 yana da shekara 42, ba tare da maganarsa ta samu karɓuwa ba. Kusan ƙarni guda bayan haka wasu masana suka koma wurin da na'urorin zamani, suka tarar da awonsa daidai ne, suka kuma gano dutsen ya kai kimanin shekara miliyan 6.

Paul-Louis Mercanton na Suwizalan ya samu juyayyun duwatsu a sassa masu nisa da juna, ciki har da Girinlan da Ostireliya, abin da ya nuna lamarin bai tsaya a Faransa ba. Amma wanda ya fara haɗa batun da zamani shi ne Motonori Matuyama na Jami'ar Kyoto. A 1926 ya gwada baƙin dutsen kogon Genbudo a Japan, ya same shi a juye. Daga nan ya tattara samfura daga Japan da Koriya da Mancuriya, ya lura da cewa sababbin duwatsu duk fuskar yau suke nunawa, juyayyun kuma sun girme su. Takardar da ya wallafa a 1929 shafi uku ce kacal, kuma ita ma aka yi mata shiru.

Dalilin shakka

Masu shakkar ba taurin kai kawai suke yi ba. A wancan lokaci ba wanda ya san abin da ke haifar da maganaɗisun duniya, balle abin da zai juya shi. Sai a shekarun 1940 Walter Elsasser, daga baya kuma Edward Bullard, suka fito da bayanin da aka yarda da shi a yau: narkakken ƙarfen da ke kai-kawo a ƙuryar cikin duniya, daga zurfin kilomita 2,900, shi ke samar da maganaɗisun, kamar yadda janareta ke samar da lantarki. Injin da ke aiki haka zai iya aiki ta kowace fuska.

Sai kuma wata babbar matsala ta kunno kai. A 1951 Louis Néel na Faransa, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 1970, ya nuna a lissafi cewa wasu ma'adinai na iya ɗaukar kishiyar fuskar maganaɗisun da suka huce a cikinsa. Ba a jima ba Takesi Nagata da abokan aikinsa a Tokyo suka sami irin wannan dutse a tsaunin Haruna: aka zafafa shi a ɗakin gwaji, ya huce, ya fito a juye. Tambaya ta koma: shin duniya ce ta juya, ko kuwa duwatsun ne ke da wannan hali? Jan Hospers, wanda ya yi aiki a kan jerin duwatsun Ayislan, da Alexandre Roche a Faransa, sun ci gaba da tara hujja cikin shekarun 1950. Hujjar gasasshen yumɓu ta Brunhes ma ta sake amfani, domin da wuya dutse da yumɓu, masu ma'adinai daban-daban, su yi kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya. Duk da haka gardama ba ta mutu ba.

Hanya ɗaya ce za ta raba gardamar. Idan duniya ce ke juyawa, to duk duwatsun da suka huce a zamani ɗaya dole su nuna fuska ɗaya, ko a Afirka suke ko a Amurka, ko da ma'adinansu sun bambanta. Abin da ya rage shi ne sanin shekarun dutse daidai, kuma wannan ne babu.

Agogon cikin dutse

Mafita ta zo daga sinadarin fotasiyam. Wani nau'insa yana rikiɗa a hankali ya koma iskar agon, kuma rabinsa na ƙarewa ne cikin shekara biliyan 1.25. Narkakken dutse yana fitar da agon ɗin da ke cikinsa, saboda haka ranar da ya daskare agogo ya fara daga sifiri. A ƙarshen shekarun 1950, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, John Reynolds ya ƙera na'urar da ke iya auna ɗan ƙanƙanin agon, Garniss Curtis da Jack Evernden kuma suka yi amfani da ita a kan duwatsun da ba su tsufa sosai ba.

Rukuni biyu suka shiga tsere. A Menlo Park ta Kalifoniya akwai Allan Cox da Richard Doell da Brent Dalrymple na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, waɗanda suka yi aikinsu a wani tsohon ɗaki mai kama da rumfa. A Canberra ta Ostireliya akwai Ian McDougall da Don Tarling, masu aiki a kan duwatsun tsibiran Hawai. A 1963 kowane rukuni ya wallafa jadawalinsa na farko, kuma cikin shekara uku jadawalan suka yi ta gyaruwa har suka daidaita. Duwatsun zamani ɗaya daga nahiyoyi daban-daban sun nuna fuska ɗaya. Juyewar da dutse ke yi da kansa ta tabbata gaskiya ce, amma ba kasafai ake samunta ba.

Aka raɗa wa manyan zamunna sunayen magabata: zamanin Brunhes, wanda muke ciki, zamanin Matuyama, juyayye, daga shekara miliyan 2.58 da suka wuce zuwa farkon na Brunhes. Sai na Gauss da na Gilbert a bayansu. Gajerun juye-juyen da ke cikinsu kuma aka ba su sunayen wuraren da aka gano su. Na farko daga Afirka ya fito: a 1963 Sherman Grommé da Richard Hay suka sami dutse mai fuskar yau a kwazazzabon Olduvai na Tanzaniya, a tsakiyar zamanin da ya kamata ya zama juyayye. Wannan ya rushe zaton da aka fara yi cewa juyewar na zuwa ne a ƙayyadadden lokaci. Ba ta da ƙa'ida: wani zamanin ya yi shekara dubu goma-goma, wani ya yi miliyoyi.

Abin da ƙasan teku ya nuna

A daidai wannan lokaci jiragen ruwa masu jan na'urar awon maganaɗisu suna dawowa da wani abin mamaki. Taswirar da Ronald Mason da Arthur Raff suka wallafa a 1961, ta ƙasan tekun Fasifik daura da gaɓar yammacin Amurka, ta fito da zane-zane kamar saƙi, layi mai ƙarfi sai layi mai rauni. A watan Satumban 1963 Fred Vine da Drummond Matthews na Jami'ar Cambridge suka ba da fassara a mujallar Nature: narkakken dutse na ɓullowa a tsakiyar teku, ya huce ya ɗauki fuskar zamaninsa, sannan sabo ya ture shi gefe. Lawrence Morley na Kanada ya kai ga wannan ra'ayi a shekarar, amma mujallu biyu suka ƙi buga takardarsa.

Abin da ya kammala hujjar ɗan gajeren zamani ne mai fuskar yau da Doell da Dalrymple suka gano a duwatsun rafin Jaramillo a jihar New Mexico, wanda ya kasance kimanin shekara miliyan ɗaya da suka wuce. Vine ya ji labarinsa daga bakin Dalrymple a wani taro cikin Nuwamban 1965, ya kuma gane cewa shi ne siririn layin da ya rasa inda zai sa a taswirarsa. A 1966 Walter Pitman da James Heirtzler suka fito da awon jirgin ruwan Eltanin daga kudancin Fasifik, inda layukan gefen hagu suka yi daidai da na gefen dama kamar an naɗe takarda biyu. A shekarar ce kuma Neil Opdyke ya sami jerin iri ɗaya a cikin taɓon ƙasan teku. Shaidu uku masu zaman kansu, dutsen tudu da dutsen teku da taɓo, suka ba da labari ɗaya. Daga nan ne akasarin masana suka amince cewa nahiyoyi na tafiya, ra'ayin da aka yi wa Alfred Wegener dariya a kansa tun daga 1912.

Wannan ya shafi Najeriya kai-tsaye, domin gaɓarta da ta arewa maso gabashin Birazil a haɗe suke kafin tekun Atlantika ya buɗe, kuma kwarin Binuwai tsagewa ce da ta fara a wancan zamani ba ta ƙarasa ba. Sai dai rabuwar ta faɗo cikin wani dogon zamani, daga kimanin shekara miliyan 121 zuwa miliyan 84 da suka wuce, wanda maganaɗisun duniya ya zauna a fuska ɗaya. Saboda haka mafi tsufan ƙasan tekun da ke daura da mashigin Gini ba shi da layukan da ake ƙirga shekaru da su, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa tsayar da lokacin rabuwar a wannan yanki ya yi wuya.

Duwatsun Najeriya

Tudun Biu ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 5,000, kuma ana lissafa shi a ƙarshen arewa na jerin duwatsu masu aman wuta da ya taso daga tsibirin Annobón a teku, ya bi ta São Tomé da Bioko da Dutsen Kamaru. Tafkin Tila da ke kusa da Biu bakin tsohon aman wuta ne, haka ma tafkin Pidong a Ƙaramar Hukumar Mangu ta Jihar Filato, yankin da tsaunukan Kerang da Panyam suke.

A 1972 N. K. Grant da D. C. Rex da S. J. Freeth suka wallafa shekarun duwatsun arewa maso gabashin Najeriya ta hanyar fotasiyam da agon. Aikinsu da na waɗanda suka biyo baya ya nuna duwatsun Biu sun taru ne daga kimanin shekara miliyan 5 da suka wuce zuwa ƙasa da miliyan ɗaya, tsawon lokacin da ya ratsa zamunnan Gilbert da Gauss da Matuyama. Sababbin baƙaƙen duwatsun tudun Jos da aka auna sun ba da tsakanin shekara miliyan 2.1 da 900,000, wato cikin zamanin Matuyama. A wannan shekara ta 1972 J. D. A. Piper da A. Richardson suka wallafa nazarin daɗaɗɗen maganaɗisun duwatsun yankin mashigin Gini, sannan a 1976 Emő Márton da Péter Márton, masana daga Hungari, suka fitar da nasu a kan duwatsun aman wutar Najeriya. Sakamakon da suka samu daga tsofaffin duwatsu masu kimanin shekara miliyan 160, dangin waɗanda ake haƙar kuza a cikinsu, ya shiga lissafin da ake bin sawun tafiyar nahiyar Afirka da shi.

Aiki a wannan yanki yana da nasa sharuɗɗa. A Faransa maganaɗisu na sunkuyawa cikin ƙasa da fiye da digiri 60, don haka juyayyen dutse sama yake nunawa, kuma ta nan Brunhes ya gane shi. A Biu, mai kusa da tsakiyar duniya, sunkuyon da ake sa ran samu bai wuce kimanin digiri 20 ba. Bambancin da ya fi fitowa shi ne tsakanin arewa da kudu, saboda haka dole a yi wa samfur alama daidai kafin a cire shi daga jikin dutse. Masu bincike kan yi amfani da inuwar rana wajen wannan, domin baƙin dutsen da kansa yana karkatar da allurar kamfas. Ga kuma tsawa, wadda idan ta faɗa kan tsauni takan goge tsohon maganaɗisu ta rubuta nata, ga ruwan damina da ke rikiɗa saman dutse ya koma jar ƙasa da marmara.

Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya, wadda asalinta ya faro a 1919, hedikwatarta kuma ke Utako, 'yar tafiya kaɗan daga Kado, ta sa an auna maganaɗisun kusan dukkan ƙasar daga jirgin sama a shekarun 2000. Neman ma'adinai ne manufar aikin, amma mai fassara taswirar ba shi da makawa sai ya san tarihin juyewa, domin juyayyen dutse a ƙarƙashin ƙasa yana ba da alamar da ta saɓa wa wadda ake tsammani, kuma wanda bai yi la'akari da haka ba zai iya haƙa a inda babu komai.

Tambayoyin da suka rage

Tsawon lokacin da juyewa ke ɗauka har yanzu abin muhawara ne. A tsaunin Steens na jihar Oregon akwai jerin duwatsun da suka malala ana tsakiyar wata juyewa, kimanin shekara miliyan 16.7 da suka wuce. Robert Coe da Michel Prévot sun taɓa fassara su da cewa fuskar maganaɗisu ta riƙa sauyawa har digiri 6 a rana, amma a 2014 Coe da abokan aikinsa suka janye wannan fassara bayan sababbin gwaje-gwaje. A 2019 Brad Singer na Jami'ar Wisconsin da abokansa suka ƙiyasta cewa juyewar ƙarshe, daga fara raunin maganaɗisu zuwa daidaituwarsa, ta ɗauki kimanin shekara 22,000. Akwai kuma yunƙurin da bai kai ga juyewa ba, kamar na Laschamp da aka gano a Faransa a 1967, wanda ya auku kimanin shekara 41,000 da suka wuce, maganaɗisu ya yi rauni ƙwarai ya karkata, sannan ya koma inda yake.

Ƙarfin maganaɗisun duniya ya ragu da kimanin kashi 9 cikin 100 a shekara 200 na baya-bayan nan, kuma akwai wani yanki mai rauni tsakanin Afirka da Kudancin Amurka da ke damun taurarin ɗan'adam idan sun ratsa ta samansa. Taurari uku na Swarm da hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba a 2013 suna bibiyar lamarin. Abin da duwatsu suka nuna shi ne an sha samun irin wannan raguwa ba tare da juyewa ta biyo baya ba.

Ya dace a bambance wannan batu da jita-jitar da kan yaɗu a kafafen sada zumunta cewa masana sun tabbatar rana ta kusa fitowa daga yamma. Juyewar maganaɗisu ba ta taɓa juyawar da duniya ke yi a kan kanta, wadda ita ce ke kawo dare da rana. A duk tsawon zamanin Matuyama, lokacin da duwatsun Jos ke malala, rana daga gabas take fitowa. Abin da zai sauya shi ne allurar kamfas da duk abin da ya dogara da ita, kamar manhajar neman alƙibla a wayar hannu da na'urorin jiragen sama da na ruwa. Waɗannan ma tun yanzu gyara ake yi musu, domin arewar maganaɗisu ba ta zaune wuri ɗaya: ta baro arewacin Kanada tana nufar Saberiya. Duk shekara biyar ake sabunta taswirar maganaɗisun duniya da na'urorin ke aiki da ita, kuma a farkon 2019 sai da aka sabunta ta kafin wa'adi saboda saurin tafiyar ya wuce abin da aka yi hasashe.